Gishirin da Na Zuba a Rijiyar Maƙwabcina

Assalamu alaikum. A shekarar da aka sake ƙidayar jama'a, bayan gardamar da aka yi a kan ta farko, na dawo gida daga aikin Hajji. A lokacin ni magidanci ne da ya ɗan haura arba'in, manomin auduga da dawa a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtuwa. Mahaifina malami ne, a wurinsa na yi karatu na iya rubutun ajami, saboda haka ko kafin tafiyata mutane suna ganin girmana daidai gwargwado. Ta ƙasa na tafi, a motocin kaya, ina tsayawa ina aikin ƙarfi ina ƙara guzuri, har na share shekaru kafin in ga gida. Da na dawo aka fara kirana Alhaji, sai na ji kamar duk abin da idona ya gani a hanya hannuna zai iya yinsa. Daga nan wahalar da zan ba ku labari ta faro. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma 'ya'yansu na nan.

A garin bakin Bahar Maliya da ke ƙasar Sudan, inda alhazai ke jiran jirgin Jidda, na yi aikin ɗiban ruwa a gidan wani attajiri Bature. A cikin falonsa akwai wani babban akwatin gilashi cike da ruwan teku, da kifaye a ciki masu launin da ban taɓa zaton Allah ya halicci irinsa ba, shuɗi da rawaya da ja kamar an rina su. Ruwan garau yake, ba wari, ba gansakuka. Aikina ne in kawo ruwan teku a garwa in ƙara idan ya ragu, ta haka na ga sirrin abin. A ƙarƙashin akwatin akwai wani ƙaramin tanki a ɓoye. Ruwan akwatin yana malalowa ta bututu ya faɗa cikinsa, ya ratsa tsakuwa da yashi da gawayi, ya bar dauɗarsa a can, sannan wani ɗan inji ya mayar da shi sama a tace. Na tsaya na kalli wannan abu sau ba adadi ina tasbihi. Abu ɗaya ne na fahimta a baibai. Na ɗauka gishirin ne ke hana ruwan ruɓewa, kamar yadda yake hana nama, kuma na ɗauka shi ke fito wa kifi da launi. Ban tambayi kowa ba, na ƙulle wannan a zuciyata na taho da shi har gida.

Gonata ta fadama tana maƙwabtaka da ta wani dattijo Bamaguje, wanda kowa ke kira Sarkin Noma saboda yawan dawar da yake tarawa. Gidansu da namu an daɗe ana zaman amana. Su suna bin al'adar kakanninsu, mu muna salla, amma gayya ɗaya muke yi, kuma idan Salla ta zo su ne farkon masu cin tuwonmu. Uwargidansa tun ina yaro aka kawo ta, ta sha goya ni idan mahaifiyata ta tafi daka, shi ya sa har na yi furfura ba ta kirana da komai sai ɗan Malam. Da na dawo mutane suka ce mata yanzu fa Alhaji ne, ta ce ita wanda ta share wa majina ba zai zama mata Alhaji ba. Cikin tsarabata na kawo mata bokitin ƙarfe sabo fil, ta yi ta murna tana nuna wa mata. A gindin lambunsu akwai wata tsohuwar rijiya marar zurfi mai ruwa mai daɗi, da ita suke ban ruwan albasa, daga ita suke sha, da ita kuma matar take dafa giyar da take sayarwa ran kasuwa. Rijiyar tana da doka tun daga kakanni: ba a jefa ƙarfe a cikinta, sai gugar ƙwarya ko ta fata. Sun ce mai rijiyar, wato iskan da suka yi imani yana zaune a ciki, ba ya son ƙarfe.

Bayan an sayar da auduga na fara aikina a kan tudun gonata, daidai saman lambunsu. Na sayo siminti a Funtuwa, na samo tsohon bututu da gilashin gaban wata matacciyar mota a wurin masu tsofaffin ƙarafa. Na gina tankin sama da siminti, na dasa gilashin a bangon gaba na liƙe gefensa da kwalta, don mutum ya tsuguna ya ga kifi. Da na zo kan ramin tacewa na ƙasa, siminti ya ƙare, aljihu ma ya yi sanyi. Sai na tuna cewa ramukan marina shekara da shekaru suna riƙe ruwan baba ba sa yoyo, kuma ba da siminti ake shafe su ba, da laso ne. Na ɗauko wani marini ya shafe mini ramin da laso, ya yi aikinsa tsaf, ban kuwa gaya masa abin da zan zuba a ciki ba. Na raba ramin gida uku da jeren duwatsu, na zuba tsakuwa a na farko, yashin rafi a na biyu, gawayi a na uku. Tunda ba ni da inji, sai na kafa jigo irin na masu lambu, in ɗebo tataccen ruwa daga ƙasa in juye a sama, ya sake malalowa. Ruwan cikawa kuwa daga rijiyar Sarkin Noma na roƙa, ya ce in ɗiba iyakar iyawata, in dai da gugarsu ce.

Kullum sai ya hauro ya jingina da sandarsa ya yi kallo. Ya tambaye ni wai kifin nan alwala zai riƙa yi ne da ake tace masa ruwa, alhali shi Sarkin Noma da girmansa daga guga yake kafa kai. Da ya ga ina zazzage buhun gishiri a ciki, sai ya ce to ai saura daddawa da barkono, in ya so a hura wuta a ƙarƙashi a kira mutane. Na yi dariya na ce masa bai ga duniya ba. Na samo tarwaɗa da karfasa a wurin masunta na zuba. Tarwaɗa ba su jima ba suka juya ciki sama. Karfasa suka daure, amma launinsu na toka bai sauya ba ko kaɗan, sai na ce gishirin ne bai kai na teku ba, na ƙara. Kowace safiya nakan ɗanɗana ruwan da harshena in gwada shi da abin da nake tunawa na Bahar Maliya. Kowace safiya kuma sai in tarar ruwan ramin ƙasa ya ragu sosai. Na ce rana ce ke shanye shi, don bazara ta kama. In ɗebo daga rijiya in cika, in ji gishiri ya yi sanyi, in sake zazzagawa. Haka na yi ta yi har ranin ya kusa ƙarewa. Kafaɗuna suka yi tsami da jan jigo, iyalina ta gaji da magana ta yi shiru, yaran gari suka sa mini suna Alhajin kifi. Gishirin da na zuba a wurin nan da zai ishi ƙauyenmu miya na tsawon lokaci.

Albasar Sarkin Noma ce ta fara nuna alama. Bakin ganyenta ya yi rawaya, ta tsaya ba ta girma, wani farin abu ya fara fitowa a gefen fangali kamar an barbaɗa toka. Daga nan ruwan rijiya ya koma zartsi. Giyar uwargida ta ɓaci, masu saye suka mayar mata. Awaki kuwa suka riƙa taruwa a bakin rijiyar suna lasar ƙasa. Dattijon ya yanka baƙar akuya a gindin rijiya, ruwa bai gyaru ba. Ya kira 'yan'uwansa daga gidajen da ke kewaye, aka zauna aka yi ta bincike a kan wanda ya ɓata wa mai rijiya rai. A nan wata daga cikin matan gidan ta ce ta taɓa ganin uwargida ta jefa bokitin ƙarfe a ciki. Matar ba ta musa ba. Ta ce sau ɗaya ne, ranar da igiyar gugar ta tsinke ga tukunya a kan wuta. Shi ke nan magana ta ƙare a kanta. Mijin, wanda ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ya faɗa mata magana mai zafi a gaban ƙannensa da surukanta, ya ce rijiyar da ta shayar da kakanninsa ita ce ta kashe da kwaɗayin kayan zamani. Washegari ta ɗaure kayanta, ta ɗora bokitin a kai, ta tafi wurin 'yan'uwanta a wajen Ƙarfi. Mace ce da ta yi jikoki a gidan.

Ni a lokacin, wallahi, ban haɗa abin da kaina ba. Sai da sauran karfasan suka mutu, na kwashe ruwan ramin ƙasa don in wanke tsakuwa, sannan na gani. Lason ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen gari, yana fita a hannu, ga wata tsaga mai faɗin yatsa a kusurwar da ke fuskantar lambun. Na sa kara a ciki, ya shige bai taɓa komai ba. Na gangara na ɗebi ruwan rijiyar na kurɓa. Harshen da ya share rani yana ɗanɗanar gishirin nan ba zai kasa gane shi ba. Ba rana ce ke shanye ruwana ba, ƙasa ce, tana kai shi inda na ɗebo shi. Na zauna a bakin rijiyar.

A nan ne laifina na gaske yake, don yoyon rami kuskure ne, shirun da ya biyo baya kuwa da sanina na yi shi. Na toshe tsagar, na rufe ramin da kara, na ce wa mutane na gaji da kiwon kifi. Na gaya wa kaina damina na zuwa, ruwan sama zai wanke komai, matar ta dawo, ba wanda ya ji. Na ji kunyar a ce Alhaji guda, wanda dama ake yi wa dariya, shi ne ya kashe rijiyar mutane da wasan yara. Akwai kuma wata muguwar shawara da Shaiɗan ya kawo mini a cikin rigar addini. Ya ce mini ai wannan sha'anin tsafinsu ne, in suka ga yankan akuya bai yi musu amfani ba, wataƙila su gane gaskiya. Na karɓi wannan don ya yi mini daɗi. Ina jan salla a wasu lokutan, ina ɗaga hannu ina roƙon gafara, alhali na san tsohuwar da ta goya ni tana can tana ɗauke da laifina.

Damina ta zo ta wuce. Rijiyar ta cika, zartsin ya ragu amma bai tafi ba. Matan gidan suka koma ɗiban ruwa a rafi mai nisa. Sarkin Noma ya daina hawowa tudu, ya daina ba'a. Yakan zauna a ƙofar gida yana murza igiya, riga ta yi masa yawa. An ce ya aika a ba matarsa haƙuri, ta ce ita mai kashe rijiya me za ta koma yi. Ni kuwa barci ya zama mini aiki, abinci ba ya yi mini ɗanɗano, ko gishirin miya na ji sai in tuna da rijiyar. Wata rana da kaka, muna ɗaurin dawa, ya dube ni ya ce Alhaji, da ma bai bar matarsa ta karɓi bokitin nan ba, amma kada in sa a raina, shi ya san alheri na yi nufi. Wato shi ne ma yake lallashina. Daga jin haka na ajiye dammin da ke hannuna na ce ya biyo ni.

Na yaye karan, na nuna masa ramin da tsagar da na toshe, na gaya masa komai, har da lokacin da na gane. Da farko bai yarda ba, ya ce gishiri ba shi da ƙafa. Sai na sa fartanya na haƙa ƙasar da ke bayan ramin ta wajen lambu, na ba shi ya taɓa a harshe. Ya tofar. Na yi zaton zai zage ni ko ya kai ni gaban mai gari, da ma hakan ya yi da na fi jin sauƙi. Abin da ya tambaya kawai shi ne, tun bazara na sani? Na ce tun bazara. Ya ce akuya ta riga ta shiga ciki, albasa ana sake shukawa, rijiya ma ana haƙa wata, amma maganar da ya faɗa wa matarsa a gaban mutane, wa zai mayar masa da ita baki? Ya ce shi ba ya bina komai, ita ke bina. In je in faɗa a gaban 'yan'uwanta, in dawo in faɗa a gaban nasa, da bakina, da rawanina a kai.

Na tafi Ƙarfi a ƙafa. Na tarar da ita tana sussukar gero a tsakar gida, ta rame, bokitin na ajiye a gefe an zuba ƙaiƙayi a ciki. Na durƙusa a gaban yayyenta da ƙannenta na faɗi abin da na zo faɗa. Wani ƙanenta ya tashi da faɗa, ta ce ya zauna. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta tambaye ni ko kifin ya yi launin da nake nema, na ce bai yi ba. Ta kaɗa kai ta ce to Alhaji, an gode, a sauka lafiya. Ran nan ne ta fara kirana Alhaji, kuma ban taɓa jin kalmar ta yi mini nauyi kamar haka ba. Ga mijinta kuwa ta aika cewa ba za ta koma gidan da ake shan zartsi ba.

Da rani ya shiga na rushe tankin da ramin, na kwashe ƙasar wurin da jaki na kai can bayan gari. Na ɗauko mahaƙa muka fara sabuwar rijiya a wani yanki na gonata, nesa da inda gishiri ya bi, na yanke yankin na ba gidansu a gaban mai gari da shaidu. Ni ma na shiga ramin, ina haƙa ina miƙo ƙasa, har tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Mun gamu da dutse, muka bar wurin muka matsa gaba muka sake. Da Allah ya sa muka cim ma ruwa, mai daɗi ne. Uwargida ta dawo ɗakinta kafin shuka. Mijin ya tara mutanen da ya tara a da, ya janye maganarsa a gabansu. Amma tsakanina da ita abu bai koma ba. In mun haɗu a hanya ta gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, Alhaji ina kwana, Alhaji ina gajiya, ta wuce. Shekaru muka yi a haka. Tsohuwar rijiyar ba ta sake daɗi sosai ba, aka bar wa dabbobi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu mutane suna yawan tafiye-tafiye suna ganin abubuwa, kowa na son ya dawo ya gwada a gida. Ban ce kada a gwada ba. Amma wanda ya ga abu a ƙasar wasu ya tambaya har ya gane dalilin kowane sashe nasa, kada ya cike abin da bai sani ba da zato kamar yadda na yi. Wanda zai tara ruwa, ko na rini ne, ko na jimar fata, ko na wani magani, ya tsaya ya duba wa ke ƙasa da shi, don ruwa ba ya tsayawa a kan iyakar gona. Mafi girma kuma, idan ɓarnarka ta faɗa kan wani, ka yi magana ran da ka gane. Kunyar da na guda ta yini ɗaya ce, wadda na saya da shiruna ta bi ni shekaru. Kada kuma wani ya yaudari kansa cewa don mutum ba addininku ɗaya ba, haƙƙinsa ya fi sauƙi. Ban ga haka a cikin abin da mahaifina ya karantar da ni ba, na dai ga dama ne na manta.

Bayan rasuwar Sarkin Noma, wata ranar zafi na dawo daga gona na biyo ta sabuwar rijiyar, na tarar da uwargidansa ita kaɗai. Tsufa ya kama ta, tana jan igiya tana hutawa. Bokitin nan ne a bakin igiyar, ya lotsa, an yi masa faci a gindi, don wannan rijiyar ba ta da dokar ƙarfe. Na yi sallama na karɓi igiyar na jawo mata, ba ta hana ni ba. Ta ɗebi ruwan a ƙoƙo ta kurɓa, ta juya shi a baki kamar mai gwada miya, ta ce gishiri bai ji ba.  Sai ta miƙo mini ƙoƙon ta ce in sha, ɗan Malam, ita ta gaji da riƙon abin nan a zuciya, ya fi bokitin nauyi, kuma ba ta son ta tafi da shi inda za ta. Na karɓa da hannu biyu na shanye, na ce Alhamdu lillahi. Na ɗauki bokitin na raka ta har ƙofar gida.